Ku bar fim ya yi shirunsa

Duk wanda ya fassara Ad Astra da Hausa ya cika shi da wannan surutun, wallahi ya zalunci fim ɗin, ya kuma zalunci waɗanda suka biya kuɗinsu aka tura musu a waya. Kun dai ga abin da ya faru daren Asabar a majalisarmu ta unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Waɗanda ba su zo ba ma na san labari ya iske su, don tun jiya ake tambayata a WhatsApp wai me ya sa na tashi ana tsakiyar kallo. E, na tashi. Gobe ma in aka sake kunna wannan fassarar zan tashi.

Mutum na zaune shi kaɗai cikin kumbo, ya baro duniyar Mars ya nufi duniyar Neftun, kwana da kwanaki babu mai ce masa sannu. Darakta James Gray ya ajiye kyamara a kan fuskar Brad Pitt ya bar ta nan, don mu ga yadda kaɗaici ke cin ɗan Adam a hankali kamar gara a jikin azara. Daidai wannan wurin mai fassara ya zaɓa ya ce mana wai oga ya tuna tuwon gida, wai yana lissafin bashin da ake bin sa. Majalisa ta kwashe da dariya. Ni raina ne ya ɓaci, don abin da ya rufe da bakinsa shi ne fim ɗin gaba ɗaya.

Ƙanena ya biyo ni har bakin titi yana cewa, "Yaya, ai fim ɗin ne babu komai a ciki, ba don mai fassarar ba da kowa ya yi barci." Na ce masa ya je ya kalle shi yadda aka yi shi a 2019, ya sa abin ji a kunne, sannan ya dawo mu yi magana. Mu da muka gaji karin maganar nan ta shiru ma magana ce, mu ne yau za a ce ba ma iya jure minti biyu ba a yi mana ɓaɓatu ba?

Labarin ba mai wuya ba ne. Roy McBride ɗan sama jannati ne da aka san shi da sanyin zuciya, bugun zuciyarsa ba ya wuce 80 a minti, har ma a ranar da ya faɗo daga wata doguwar eriya mai taɓa sararin samaniya. Ubansa, wanda Tommy Lee Jones ya fito a matsayinsa, ya tafi tun Roy yana yaro neman wasu halittu masu hankali can gefen Neftun, bai dawo ba. Kowa ya ɗauka ya mutu, ana kiran sa gwarzo. Sai ga labari cewa wataƙila yana raye, kuma daga tasharsa ce wata masifa ke fitowa tana lalata wutar lantarki a duniya. Aka aika ɗan ya kira uban.

Ku gaya min wane gari ne a Kebbi ba a san wannan labarin ba. Uba ya tafi ci-rani Ikko ko Fatakwal, ya ce sai damina, damina goma ta wuce. Yaro ya tashi yana jin ana yabon mutumin da bai san muryarsa ba, ya zama mai shiru-shiru, ba ya kuka ba ya fara'a, har matarsa ta gaji ta tafi. Irin wannan yaron ba ya bayyana ciwonsa da baki. A idonsa ake gani. Brad Pitt ya yi wannan wasan da ido da tsokar fuska kawai, kuma a ganina ba ya da aikin da ya fi wannan nauyi. Akwai wurin da aka zaunar da shi a wani ɗaki a Mars aka ba shi takarda ya karanta wa ubansa saƙo, ya karanta, ya karanta, daga baya ya bar takardar ya yi magana daga zuciyarsa, ya tsaya yana jiran amsa. Wannan jiran shi ne wurin da ya fi ko'ina ciwo. A nan ma mai fassara bai rufe baki ba.

Wai mutanenmu ba sa son fim mai sanyi. Wa ya auna? Mutanen da ke zama su saurari waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo daga farko har ƙarshe suna jiran inda baiti zai sauka? Wai an gaji da wahalar rana ana son dariya. To fina-finan dariya sun ƙare ne? Ga su nan fal a kowane shagon tura fim. Ba na faɗa da fassara, ta kai fina-finan Indiya da na Amurka gidajen da ba a jin Turanci, kuma akwai masu yin ta da basira. Faɗana da wanda bai san inda zai yi shiru ba ne.

Sauti ba ya tafiya inda babu iska. Shi ya sa a wurin da 'yan fashi suka bi su da motoci a kan wata, harbi da karo duk a dushe kake jin su, sai numfashin mutum cikin hularsa. Da gangan aka yi. Hoton kuma na Hoyte van Hoytema ne, ya sa wata ya zama toka-toka, Mars ja kamar ƙurar hunturu da yamma, Neftun shuɗi mai sanyi. Kiɗan Max Richter a ƙasa yake tafiya, ba ya tsawa. Kuma ku lura da yadda aka nuna wata: an mai da shi tasha mai shaguna da talla, har bargo da filo a jirgin zuwa can sai ka biya dala 125. Ɗan Adam ya kai wata ya kai halinsa.

Kada wani ya ce ina kare fim ɗin ido rufe. Yana da aibu, kuma babban aibunsa shi ne irin laifin mai fassararmu. An sa muryar Roy tana ta ba mu labarin abin da ke ransa, alhali fuskarsa ta riga ta faɗa. Ka gani da idonka, sai kuma a maimaita maka a kunne, kamar ba a yarda kana da hankali ba. Birai masu cizo da aka cusa a wani kumbo a hanya ban ga amfaninsu ba sai don kada mai kallo ya yi gyangyaɗi. Matar Roy, wadda Liv Tyler ta fito a matsayinta, kusan ba a bar ta ta buɗe baki ba. Mutum uku sun mutu sanadin shigarsa kumbo ta ɓarauniyar hanya, fim ɗin ya wuce da sauri. Ratsa zoben Neftun da ya yi yana kare kansa da falle ɗaya na ƙarfe kuwa, ko yaro ya san an wuce gona da iri. Duk inda fim ɗin ya ji tsoron shirunsa, nan ya faɗi. To in masu shi sun rage masa shiru har ya yi rauni, me za a ce da wanda ya zo ya kwashe sauran?

Neftun tana da nisan kusan kilomita biliyan 4.5 daga rana. Kumbon Voyager 2 da aka harba a 1977 sai a 1989 ya isa kusa da ita, shekara 12. Can ne ɗa ya je ya tarar da uba tsoho, ido ya fara mutuwa, ya shekara da shekaru yana dube-dube bai samu kowa ba, kuma ya gaya wa ɗan a fuskarsa cewa bai taɓa damuwa da shi ko uwarsa ba. Ɗan bai yi ihu ba. Ya taimaka masa ya sa rigarsa ta sama jannati. Na kalli wurin nan sau uku, duk sai na kashe waya na zauna.

Daren da na baro majalisar babu wuta a unguwa, na ɗaga kai sai na tuna kakata a ƙauyenmu ta hanyar Argungu. A kan tabarma take nuna mana Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta, ta ce mu yi tsit mu duba. Na tambayi yaran gidanmu ko sun san Kaza da 'ya'yanta, ɗaya ya ce min wadda ke bayan murhu. Don Allah in akwai wanda ya san malami ko ɗalibi mai na'urar hangen taurari a jami'ar Aliero ko ta Kalgo, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Ko ƙarama ce tana nuna zoben duniyar Zuhal. Ni zan ɗauki kuɗin mota, mu samu dare ɗaya bayan damina da sama ta washe, a tara yaran unguwa a filin makaranta su leƙa.