Aljani Mai Buta

A bayan garin Damagaram akwai wata tsohuwar ma'aikatar ɓarar gyaɗa, irin waɗanda suka kwanta bayan farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa a ƙasar nan. Injuna sun yi tsatsa, kwanon rufi ya ɓuɓɓule, awaki sun gaji ofishin darekta. Mai ɗaukar hoto ba ya neman abin da ya fi haka.

Wuri irin wannan ba a shigarsa ta katanga. Mai ɗauke da jaka da ƙafa uku ta kyamara, daga nesa ba shi da maraba da ɓarawon ƙarfe. Na sauka daga kabu-kabu, na gai da tsohon da ke gadi, na miƙa masa goro da jika guda.

"Yaro, me za ka ɗauka a kango?"

"Haske, Baba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya buɗe ƙofa.

Haske kuwa nake nufi. A hunturu, tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe, rana na shigowa a karkace ta hujojin kwano, ƙura ta kama ta, sai ka ga sandunan haske sun tokare ƙasa. Da tsakar rana wannan ya wuce. Filasha kuma ba ta da amfani: ƙurar da ke gaban gilashi take haskawa, hoto ya cika da fararen ɗigo. Abin yi shi ne a kafa kyamara kan ƙafa uku, a sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ƙofar gilashi a f/8, a bar ta buɗe daƙiƙa takwas. A kuma sa mata jinkirin daƙiƙa biyu, don girgizar yatsa kaɗai ta isa ta ɓata hoto. Gilashin da za a yi aiki da shi tun daga gida ake ɗaura shi. Wanda ya canza a cikin wannan ƙura, zai ga baƙin tabo wuri ɗaya a kowane hoto.

Takalmi mai kaurin ƙasa, saboda ƙusa da kunama. Ƙyalle a hanci, saboda kashin jemage. Sanda a hannu, ana bubbuga ƙasa kafin a taka, don ƙarƙashin injin akwai ramin da ɓawo ke zuba, katakon da ya rufe shi kuwa gara ta daɗe da cinye cikinsa. Akwatin wuta kada a buɗe. Ba kuran, wato lantarki, a ciki, rina ce, kuma kunnena na hagu shaida ne.

Da kunne a kumbure na kafa kyamara gaban babban injin, na danna, na juya ina goge hawaye. Da na duba hoton sai na ga sandunan haske sun fito tsaf, bel ɗin injin na reto, kuma a tsakiya ga wani dogon farin abu tsaye, ba ƙafa, fuska a shafe, ana hangen bulon bango ta cikin ƙirjinsa.

Dalilin ba wuya. Duk wanda ya tsaya rabin lokacin da kyamara ke buɗe sannan ya wuce, shara-shara yake fitowa, abin da ya fi motsi a jikinsa kuma ya ɓace. Baba ne ya ratsa cikin farar rigarsa za shi kewaye, ya ɗan tsaya kallon ikon Allah. Da murna na kai masa.

Ya duba, ya ja da baya, ya fara salati.

"Na faɗa! Shekara da shekaru ina cewa akwai su a ɗakin nan, ana cewa tsufa ne."

"Baba, ai kai ne."

"Ni? Ina ƙafata? Ka taɓa ganin bango ta cikina?"

Na ce ya sake tsayawa in gwada masa. Ya ce shi da ɗakin injin sai dai a lahira. Kafin azahar labari ya kai Kasuwar Dole; mai kabu-kabun da ya zo ɗaukata ya ce ya ji aljanin ya mari wani mai hoto a kunne, ya dubi nawa, ya ƙara mini kuɗin hanya.

Na yi ƙoƙarin ƙarshe. Na faɗaɗa hoton, na nuna wa tsohon hannun daman abin, inda shuɗiyar buta ta fito sarai, har da igiyar da ya ɗaure murfinta.

"Baba, wannan butar wa ce?"

Ya ƙura mata ido, ya girgiza kai.

"Tawa ce. Shi ya sa kullum sai na neme ta."

Sannan ya ce tunda ni na tono su, kuɗin rubutun malam a kaina yake: jika biyu, ban da turare.