Kafin ka sake yaɗa hoton Alhamra

'Yan uwana matasa, duk farkon shekara sai in ga ana yawo da hoton fadar Alhamra ta Garnaɗa, wani birni a ƙasar Spain ta yau, an rubuta a ƙasa cewa ranar 2 ga Janairu 1492 aka ƙwace Andalus, wato yankin da Musulmi suka mulka a can. Daga nan sai kuka, sai zagi, har wani ya sauke fushinsa kan maƙwabcinsa Kirista da bai taɓa jin sunan Garnaɗa ba. Don Allah mu tsaya mu bi labarin daga tushe.

Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetara teku da rundunar Musulmi zuwa Andalus a 711, Ƙurɗuba ta zama fitilar ilimi. Amma a 1031 halifancin Umayyawa ya rushe, ƙasa ta tarwatse zuwa ƙananan masarautu: Ishbiliya, Ɗulaiɗila, Saraƙusɗa, Garnaɗa da sauransu. Kowane sarki idonsa na kan garin ɗan'uwansa. Don su tsira daga junansu sai suka riƙa biyan sarakunan Kirista na arewa haraji na zinariya duk shekara. Da irin wannan zinariya Alfonso na 6, sarkin Kastila, ya ciyar da rundunarsa, ya ci Ɗulaiɗila a 1085. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da wuta ta iso gemu, sarakunan Musulmin suka kira Yusufu ɗan Tashfin daga Maroko, aka karya Alfonso a Zallaƙa a 1086. Bayan 'yan shekaru Yusufu ya tuɓe sarakunan da suka kira shi, Mu'utamid na Ishbiliya ya rasu a tsare a Agmat.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Ishbiliya. Lokacin da Farnando na 3, sarkin Kastila, ya kewaye birnin har ya faɗi a 1248, cikin mayaƙansa akwai dawakin da sarkin Garnaɗa, Muhammadu ɗan Ahmar, ya aiko, domin tun 1246 ya yi masa mubaya'a don ya tsira da gadonsa. Wannan sarkin kuwa shi ya aza harsashin Alhamra da muke kuka a kan hotonta. Ku yi tunani a kan wannan. Haka aka gama kuma: sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya yaƙi mahaifinsa, ya yaƙi baffansa Zagal. Da Kiristoci suka kama shi a 1483 sai suka sake shi, sun san komawarsa gida za ta fi musu amfani a kan zamansa a kurkuku.

Ba ina wanke waɗanda suka ci ƙasar ba ne. Sun yi alkawarin barin Musulmi da addininsu, ba a cika shekara 10 ba suka warware, aka ƙone littattafai a Garnaɗa, aka tilasta wa mutane canza addini, daga 1609 aka kori jikokinsu. Zalunci ne, kuma Yahudawa ma an kore su tun 1492. Sai dai wanda ke zaune kusa da shagonka yau ba shi ya aikata ba, kuma mu da muke kwana muna kafirta juna saboda bambancin malami da ƙungiya mun fi kama da sarakunan nan fiye da yadda muke so mu yarda.

Akwai abin da Andalus ta bar mana da bai ƙone ba. Alfiyyar da ake haddacewa a zaurukanmu, Ibnu Malik ɗan garin Jayyan ne ya tsara ta. Ishiriniya kuwa ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba. Cikinmu masu kukan nan, mutum nawa zai iya kawo baiti 10 na Alfiyya ya fassara? Malamin da zai karantar da kai yana nan a unguwarku, bayan sallar asuba yake zama.