Yadda coci ya raini siyasar manoma a Amurka

Masu cewa addini sanyaya wa talaka gwiwa kawai yake yi, ya kamata su duba kudancin Amurka bayan yaƙin basasarsu. Manomin auduga a Texas ko Jojiya kan karɓi iri da gari da takalmi bashi a kantin ɗan kasuwa, ya jinginar da amfanin gonar da ko shukawa bai yi ba. Kaka ta yi, farashi ya karye, bashi ya tsallaka baɗi. A 1894 farashin laba ɗaya ta auduga ya faɗo zuwa kusan senti 5.

Ƙungiyar Farmers' Alliance, wato ƙawancen manoma, ta faro ne a Texas cikin shekarun 1870, kuma akasarin mambobinta 'yan ɗarikar Baptist da Methodist ne, mutanen da suka saba da mai wa'azi mai bin ƙauyuka bisa doki. Sai suka ɗauki salon nan kacokan. Suka baza masu lacca lungu-lungu, suka riƙa taron kwana da kwanaki a fili, iyalai na zuwa a kekunan doki da guzurinsu, a buɗe da addu'a, a rera waƙoƙin coci da aka sauya wa baiti. A ganina, babban aikin da wa'azin ya yi shi ne sauya wa bashi fuska. Da abin kunyar magidanci ne, sai ya koma zaluncin masu banki da kamfanonin jirgin ƙasa, wanda Allah zai tambaya.

Daga nan aka sami jam'iyyar People's Party, wadda ɗan takararta na shugaban ƙasa James Weaver ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1 a 1892. A 1896 William Jennings Bryan, wanda ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat da goyon bayan People's Party, ya tsaya a Chicago ya ce ba za a gicciye ɗan Adam a kan gicciyen zinariya ba. Maganar manufar kuɗi ce zalla, wato jingina darajar dala ga zinariya, amma da bakin mumbari. Duk da haka William McKinley na jam'iyyar Republican ya kayar da shi a zaɓen.

Sai dai imanin bai rushe katangar launin fata ba. Baƙaƙen manoma tasu ƙungiyar daban suka yi, ko da yake Littafi ɗaya ake karantawa. Tom Watson na Jojiya, jigo a People's Party, wanda da farko ya kira baƙi da fari su haɗa kai a kan bashi, daga baya ya juya zafin harshensa kan baƙaƙen fata da Katolika da Yahudawa, kuma manoman suka ci gaba da binsa har suka kai shi majalisar dattawa a 1920.