Wai sai an riƙe wayarka a hannu

Tun da Google ya fitar da gyaran tsaro na Android na watan Fabrairun 2025, magana ɗaya nake ta ji daga bakin wasu masu ganin sun san harkar: a kwantar da hankali, ɓarakar da gyaran ya toshe ba ta aiki daga nesa, sai mutum ya riƙe wayarka ya soka mata igiyar USB. Wannan magana tana ci min rai ƙwarai.

To, su wa suke riƙe wayar mutum a hannu? A watan Disambar 2024 jami'an tsaron Sabiya suka tsare wani ɗalibi mai shekara 23 a Belgrade, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan rushewar rumfar tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad. Suka karɓe wayarsa, Samsung Galaxy A32, tana kulle. Binciken ƙungiyar Amnesty International ya nuna an jona ta da na'urar kamfanin Cellebrite na Isra'ila, mai ƙera kayan buɗe wayoyi masu kulle, na'urar ta riƙa shigar burtu: yanzu ta ce ita kyamara ce, an jima ta ce ita na'urar sauti ce. Wayar ta yarda, ƙofa ta buɗe. Ɗan jarida a ofishin 'yan sanda, matafiyi a bakin iyaka, duk wayarsu tana hannun wani ne.

Yadda abin yake aiki ma ya isa ya ɗaga hankali. Kowane irin kayan aiki da za a jona wa kwamfuta ko waya yana da ƙaramar manhajar da ke yi masa tafinta, wato direba. A Linux, wanda a kansa aka gina Android, direbobin nan suna zaune ne a cikin zuciyar tsarin, inda babu mai tambayarsu izini. Idan an jona kyamara, takan fara bayyana kanta: ga irin hotunan da nake iya aikowa, ga yawansu. Direban ya ƙirga, ya ware musu wuri a ma'ajiya. Kuskuren da aka yi wa lamba CVE-2024-53104 shi ne, akwai wani nau'i da direban ba ya sa shi cikin lissafi lokacin ware wuri, amma yana rubuta shi lokacin zubawa. Sai rubutun ya tumbatsa ya malala cikin wurin da ba nasa ba, kuma wanda ya iya tsara malalar ya mallaki wayar. Tun 2008 kuskuren yake kwance a wurin, sai da ya shekara 16 kafin a toshe shi.

Masu cewa ai manhajar Linux a buɗe take, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, idanu da yawa suna kanta, su faɗa mana inda idanun suka shiga tsawon shekarun nan. Idanun da suka fara amfana da shi na masu sayar da kayan kutse ne.

Amma tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya haɗa waya mai kulle, wadda mai ita ba ya kusa, da sauraron kyamarar waje? Wa ya nemi hakan? Kamfanoni suna ɗibar direbobi barkatai su zuba a waya don kada wani ya jona abu ya ƙi aiki ya yi ƙorafi, alhali kowane direba taga ce a bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa da hannunsu suke ƙara tsagar. Tun 2018 Apple ya sa iPhone ta daina karɓar bayanai ta wajen caji idan ta yi awa ɗaya a kulle. Shi ma an taɓa samun hanyar kewaye shi, na sani, amma aƙalla ya nuna abin mai yiwuwa ne, ba wani tsafi ba ne.

Sai kuma masu cewa tunda an fitar da gyara magana ta ƙare. Ta ƙare wa wa? An toshe kafar a Linux tun ƙarshen 2024, ba ta iso Android ba sai Fabrairu, sauran kafofi biyu da aka haɗa da ita a harin kuwa sai Maris da Afrilu. Daga Google kuma sai gyaran ya jira kamfanin da ya ƙera wayar, in ya ga dama. Google da Samsung sun yi wa manyan wayoyinsu masu tsada alkawarin gyara na shekara 7. Mai ƙaramar waya da kamfaninta ya daina tunawa da ita, kafar tana nan a aljihunsa har ranar da wayar za ta mutu, kuma yanzu kowa ya san inda take.

A rufe hanyar bayanai ta USB muddin waya tana kulle, ba tare da mai ita ya shiga laluben saiti ba. A rage direbobin da babu mai buƙata. A kuma tilasta wa masu ƙera waya su rubuta a jikin kwali shekarar da za su daina aiko da gyara, mai saye ya gani da idonsa kafin ya biya.