Kalmar "charge" ta wuce cajin waya, a koyar da ita daga tushe

Kalmar Turanci ta "charge" ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bazazzagi. Ana kai waya caji wurin mai janareta a Samaru. Bakanike a Sabon Gari yakan caji mutum dubu biyar. Wanda ya yi faɗa a kai shi caji ofis, a asibitin unguwa kuma majinyata su zauna a benci suna jiran incaji. Wurare huɗu, ma'ana huɗu, ba mai rikicewa. Amma ba ɗalibin sakandare jimlar Turanci mai wannan kalma, sai ya kafe kan ma'ana ɗaya, ta waya ko ta kuɗi. Laifin na hanyar koyarwa ne: a rubuta kalma a allo, a jera mata makusanta biyar, a ce a haddace. A ganina wannan hanya ɓatar da yara take yi, kuma ɓarnar takan bi su har wurin aiki.

Tushen kalmar shi ne mabuɗi. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, daga "carricare", wato loda wa amalanke kaya. Daga gida ɗaya "car" da "cargo" da "carry" suka fito. Ashe asalin ma'anar ɗora kaya ce, kuma a nan Bahaushe ya yi sa'a, domin haka harshensa yake tafiya. Muna ɗora wa mutum laifi, mu ɗora masa haraji, mu ɗora masa alhaki. Batir ma lodi ake yi masa: mai lamba 5,000 mAh yana ɗaukar kulom 18,000 idan ya cika, kulom ɗin kuwa shi ne ma'aunin "charge" a darasin fizis, dabam da ampiya da ke auna gudun wutar. Hatta jahin da mahaya ke yi a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ranar hawan sallah, su sako dawaki a guje sannan su ja linzami, Bature "charge" zai kira wannan sukuwar. Yaro zai riƙe ta cikin sauƙi idan aka ce masa mahayi ne ya taho da dukan nauyinsa da na dokinsa.

Bayan tushe sai maƙwabta, ƙananan kalmomin da ke biye da ita. "Charge for" kuɗin abu ne. "Charge at" kai farmaki ne. "Charge with" kuwa fuska biyu gare ta, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Idan abin da ya biyo baya laifi ne, kamar "charged with theft", tuhumar sata ce. Idan aiki ne, kamar "charged with collecting fees", an ɗora wa mutum nauyin karɓar kuɗi ne. Mai fassarar da ya yi gaggawa sai ya mai da ma'ajin kwamitin masallaci wanda ake tuhuma, alhali amana aka ba shi. Akwai kuma tarkon "the". Malamar jinya tana "in charge of" ɗakin yara, ita ce mai kula. Yaran kuma suna "in the charge of" malamar, su ne a hannunta. Harufa uku suka juya wanda ke sama ya koma ƙasa.

Makusantan kalmar, waɗanda ake sa yara haddacewa, kama da wane ce da ba ta wane. A ɓangaren kuɗi, "fee" ladan aikin ƙwararre ne ko kuɗin makaranta. "Fare" kuɗin mota ne, abin da za ka biya daga Kwangila zuwa Kaduna. "Fine" tara ce, sai an yi laifi. "Toll" kuɗin wuce hanya ne, "levy" kuma abin da hukuma ta ɗora, irin naira 50 da aka riƙa cirewa da wannan suna har zuwa 2025 idan an tura naira 10,000 ko fiye ta banki. "Charge" tana iya lulluɓe yawancinsu, amma su ba sa maye gurbin juna. Wanda ya rubuta wa iyaye takarda ya sa "fine" a wurin "fee" ya ce musu 'ya'yansu sun yi laifi.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne harshen shari'a, domin mutuncin mutane ne a ciki. Matakan a jere suke. "Allege" da "accuse" zargi ne, kowa na iya yi. "Charge" tuhuma ce a hukumance. "Arraign" gurfanarwa ce, a karanta wa mutum tuhumar a gaban alƙali ya amsa ko ya musanta. "Convict" ita ce an same shi da laifi, "sentence" kuma yanke hukunci. Sau da yawa a shafukan Facebook na Hausa za ka ga an fassara "charged" da "an kama shi da laifi", an tsallake shari'ar gaba ɗaya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi haƙƙin a sanar da shi laifin da harshen da yake ji, a samar masa tafinta kyauta. Fassarar da ta haɗe tuhuma da samun laifi ta ƙwace masa wannan kariya a idon unguwarsu, kuma magana zarar bunu ce. Ko nahawun ma ya bambanta: "accuse" da "of" take tafiya, "charge" da "with". Ɗalibin jami'a da ya sa manhaja ta sauya masa kalmomi don kauce wa na'urar gano satar rubutu yakan fito da "accused with", malami ya gane nan take.

Wasu malamai za su ce jarrabawa ce ta tilasta haddar, tunda WAEC da JAMB suna tambayar kalma mafi kusa a ma'ana. Gaskiya ne suna tambaya, amma a cikin jimla suke sa kalmar, kuma zaɓin da ke ƙasa yakan ƙunshi ma'anar da ta dace da wata jimlar dabam. Wanda ya haddace jeri shi ne farkon faɗawa ramin. Wasu kuma za su ce kada a shigo da Hausa ajin Turanci. To, yaron da ya riga ya san ɗora laifi da ɗora nauyi, me ya sa za a hana shi gadar da zai haye?

Darasin minti arba'in ya isa. Malami ya yanko jimloli shida masu kalmar daga jarida, takardar banki da littafin fizis. Ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta, su faɗi da Hausa me aka ɗora, kuma a kan wa. Sai bayan nan a buɗe ƙamus, na Turanci zalla mai misalai, a karanta ma'anonin har ƙasa, kada a tsaya kan lamba ta ɗaya. Daga ƙarshe a gwada sa "fee" ko "accuse" a kowace jimla, a ga inda ta zauna da inda ta ƙi. Mako mai zuwa a ɗauko "discharge", wadda asalinta sauke kaya ne, a nuna yadda ta zama sallamar majinyaci a asibitin koyarwa na Shika, sallamar wanda ake tuhuma a kotu, da kuma zubar cajin batir.