Ido biyu daga fili guda

Na karanta wani labari mai kyau da ya ce ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ke ɗauke da umarnin gina jiki daga iyaye zuwa 'ya'ya, su ne ke tsara ido da ƙwaƙwalwa a ƙwan kifi, amma ya tsallake abin da ya fi ba ni mamaki. Tun farko ɗan tayin kifin zebra, wani ƙaramin kifi mai ratsi-ratsi da masana ke bincike da shi, ba shi da wurin ido biyu. Fili guda ne a ɓangaren gaba na inda ƙwaƙwalwa za ta fito, sai saƙo ya taso daga tsakiyar jiki, ciki har da na ƙwayar gadon da ake kira sonic hedgehog, ya raba shi dama da hagu. Idan saƙon tsakiyar ya lalace, sai kifin ya fito da ido ɗaya tal a goshi. Masana sun ga haka da idonsu, domin ɗan tayin garau yake kamar gilashi, kuma cikin kwana 5 har ya fara bin abinci da kallo.

Masu cewa ɓata kuɗi ne binciken kifi, ku yi haƙuri, ban yarda ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonmu suna da takwara a jikin wannan kifin. Ƙwayar gadon Pax6 da ke aiki a idonsa, ita ce wadda idan ta samu tangarɗa a mutum ake haihuwar jariri babu zoben nan mai launi na cikin ido. Ga shi kuma kifin yana gyara tantanin ganinsa, wato wanda ke karɓar haske a can cikin ido, idan ya ji rauni, mu kuwa ba ma iyawa.