Kafin yaro ya fara ninkawa, ya fara duba lambobin

Ranar nan 'yata ta dawo da aikin gida: 25 × 7 × 4. Na jawo takarda na kama daga hagu zuwa dama kamar yadda aka koya mana, 25 sau 7 ya ba ni 175, saura in ninka da 4. Ban ƙarasa ba ta ce, "Baba, 700 ne." Na ce ta yaya? Ta ce 25 da 4 ta fara ɗauka, suka ba ta 100, sai ta ninka da 7.

A nan Ingila, manhajar aji huɗu, wato 'yan shekara 8 zuwa 9, ta tanadi yaro ya iya ninka lambobi uku da ka. Tun 2022 kuma an wajabta musu gwajin jadawalin sau har 12 × 12, tambaya 25, kowace tambaya daƙiƙa 6. Masu cewa hadda tsohon yayi ce su ji wannan. Jadawalin da muka rera a firamare a gida har ya zauna mana daram, har gobe ina gode wa malamanmu a kansa.

Abin da bai zo mana da wuri ba shi ne 'yancin juya lambobin. A ninkawa, duk wadda ka fara da ita, amsa ɗaya ce. Su a nan ba faɗa musu kawai ake yi ba, nuna musu ake yi. A jera 'yan tubala, 2 a faɗi, 3 a tsawo, hawa 4. Yaro ya ƙirga ta sama, ya juya ya ƙirga ta gefe, 24 dai yake samu. Daga nan idonsa ya buɗe. Ya ga 2 × 9 × 5, ya nemo 2 da 5 su ba shi 10, amsa 90. Ya ga 8 × 6 × 0 × 9, ya hango sifirin, bai wahalar da kansa ba.

Wannan ba ya bukatar kwamfuta ko kayan tsada. Tambaya ɗaya ce malami ko uwa za su saba yi wa yaro: waɗanne biyu za ka fara da su, kuma don me?

Sai dai a ja masa kunne, rabawa ba ta yarda da wannan juyin. 24 ÷ 6 ÷ 2 daga hagu 2 ne. In ya fara raba 6 da 2, sai ya tashi da 8, kuma kuskure ne.